Akwatin lissafin da na saya wajen wani kafinta a Zengu, bayan wata bakwai a hannun ƴan CE1

A taron CAPED, wato zaman ƙara wa juna sani na malamai, na watan jiya na tafi da tire guda da ƴan damman tsinke cikin jakata, don in nuna wa abokan aiki yadda nake koyar da ɗebewa a bana. Kafin a tashi mutum shida sun tare ni da tambaya iri ɗaya: ina na samo, nawa na biya, kuma yana biyan kuɗinsa ko kuwa ado ne kawai. A tsaye na riƙa amsa su, rana ta take, kowa na hangen adaidaita, don haka ko rabin abin da ke bakina ban faɗa ba. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi dalla-dalla, da daɗinsa da ɗacinsa.

Shekarata 13 da alli a hannu. Bana CE1, wato aji uku na firamare, nake riƙe da shi, yara 76, a wata makarantar gwamnati nan cikin garin Damagaram. Tun muna makarantar horon malamai ta Askia Mohamed aka dasa mana cewa darasin lissafi hawa uku ne: yaro ya fara taɓa abu da hannunsa, sannan ya zana shi, sannan a zo kan lamba tsagwaronta. Babu malamin da bai haddace wannan ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, hawan farko shi ne wanda muke tsallakewa. Kowace Oktoba nakan ce yara su zo da tsinke da murafan kwalba. Su zo da su cikin leda, kafin sanyi ya shigo rabi sun ɓace, sauran sun zama abin wasa a hanyar gida. Daga nan sai in koma wa allo, in rubuta, su maimaita da ƙarfi har a jiyo su a bakin titi, in buga tebur su ɗaga ardwazi, wato ƙananan allunansu na hannu. Amsa tana fitowa, amma da ka ɗan juya tambayar sai aji ya yi tsit. Awon PASEC na 2014, wanda ke gwada ƙwazon ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma na ƙarshen firamare bai kai matakin da ake nema a lissafi ba. Na 2019 ya nuna an ɗaga, amma har lokacin mafi yawansu suna ƙasa. Waɗannan yaran ta hannunmu suke wucewa, mun san fuskokinsu.

Kafintan ba shi da allon suna a ƙofa. Rumfar kwano ce a Zengu, ba nisa da Kasuwar Dole, aikinsa na kullum tebur-banci da ƙyaure da kujerun tsakar gida. Wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, da ya yi ritaya ne ya fara kai masa zane shekarun baya, daga nan ya riƙe samfurin yana yi wa duk wanda ya nema. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya son a tsaya masa a ka. Ya ce jika 45 (jika ɗaya sefa 1,000 ce), muka daidaita a jika 35. Kwamitin makarantarmu, COGES, ya ba da jika 20 daga gudummawar iyaye, ni na cika sauran daga albashina. Ya ce in dawo bayan mako 3, amma sai da ya cinye mako 5, domin Satumba lokacin bencin makarantu ne, aiki ya yi masa yawa. Duk mai so, ya ba da aikin tun cikin Yuli.

Abin da na ɗauko: akwatin katako mai murfi da hannu biyu, cikinsa tire 10, tsinke 1,500, sanduna masu launi saiti 2, kuɗin katako guda 200, allo mai ƙusoshi 4, faifan katako da aka yayyanka, da sikeli guda. Ranar da na kawo shi idona yana kan sandunan nan masu launi, su ne suka fi kyau. Tiren ko kallon kirki ban yi masa ba. Yau in aka ce in zaɓi abu ɗaya in mayar da sauran, tiren zan riƙe.

Ba wani abu ba ne illa katako mai tsawon kamu ɗaya da aka raba gida uku. Gidan dama na ɗaiɗai, na tsakiya na gomomi, na hagu na ɗari. Dokarsa guda ce tak, kuma yara sun kama ta a rana ɗaya: gida ba ya ɗaukar goma. Da tsinke sun cika goma sai a ɗaure su da roba su zama dami, damin ya ƙaura gidan maƙwabci. Tsinken kuwa irin na tsire ne, kafintan ya yanke musu tsini ya goge bakin, kuma na yaba masa da wannan, domin har yau ba wanda ya soki ɗan'uwansa.

Akwai wani yaro a layin baya, ɗan Garin Malam, natsattse, rubutunsa tsaf. Duk ranar da na ba da 52 a ɗebe 17, sai ya rubuta 45. Na yi ta gyara masa da jan bik, yana karɓa cikin ladabi, gobe ya sake. Ba wauta ce ke damunsa ba. Doka ya kafa wa kansa: a kowane layi a ɗebe ƙarami daga babba, 2 daga 7 saura 5, 1 daga 5 saura 4. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ranar da na tsaya na ƙirga ardwazi kusan rabin aji amsarsu ke nan. Sai na ɗauko tire na aje a gabansa na ce, "Ɗora mini 52." Ya sa dami 5 a tsakiya, tsinke 2 a dama. Na miƙa tafin hannuna na ce, "To, ba ni 17." Ya ɗauki dami ɗaya ya ba ni. Ya kai hannu gidan dama ya ɗauki biyun nan, sai ya tsaya yana juya su. Ya ɗago ya ce, "Madam, ba su isa." Na ce ni dai 7 nake bin ka, kuma ban janye hannuna ba. Ya dubi tiren, ya dube ni. Yaran rukuninsa duk sun sunkuyo, ba mai magana. Can wata yarinya da ke tallar gyaɗa da yamma a bakin tasha ta kasa haƙuri, ta ce, "Kai, ka yi canji mana! Kwance ɗaya." Ya zare robar dami ɗaya, tsinke suka zube a gidan dama suka zama 12, ya ƙirgo 7 ɗaya bayan ɗaya ya sa mini a hannu. Na ce nawa ya rage maka. Ya ce dami 3 da tsinke 5. Sai ya juya ya kalli 45 ɗin da ke kan ardwazinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa gefen rigarsa ya goge.

Tun ranar, "canji" muke cewa a ajina. Kalmar Faransancin da na shekara goma ina sa yara su rera, ba ta taɓa yi musu aikin da kalmar yarinyar nan ta yi ba.

Amma ga inda nake son abokan aiki su buɗe ido, domin ni sai da na yi tuntuɓe a nan. Hanyar da aka koya mana muna yara, wadda har yau da yawanmu ke rubutawa a allo, ita ce a sa ƙaramin 1 gefen 2 na sama ya zama 12, sannan a sauko a ƙara 1 kan 1 na ƙasa ya zama 2. Amsar daidai take fita, 35. Sai dai ba abin da hannu ya yi a tire ba ne. A tire 5 ne ya ragu ya koma 4 saboda an kwance dami, babu abin da aka ƙara wa 17. Mako guda na yi ina sa su kwance dami da safe, ina rubuta musu tsohuwar hanya a allo, sai na ga masu ƙoƙarin ma sun fara ruɗewa. Dole na sauya: yanzu abin da hannu ya yi shi nake rubutawa, in soke 5 in sa 4, in mai da 2 ya zama 12. Wani uba ya zo har bakin aji da kayen ɗansa, wato littafin rubutunsa, a hannu, ya ce, "Madam, mu ba haka aka koya mana ba, kar yaron nan ya faɗi." Na ce, "Alhaji, shekara nawa ka ba ƙanenka?" Ya ce 4. Na ce bayan shekara 10 fa? Ya ce 4 ɗin dai. Na ce to hanyarku ke nan: an ƙara goma sama, an ƙara goma ƙasa, tazara ba ta motsa ba. Duka biyun gaskiya ne, amma ɗaya ce yaro ɗan shekara takwas ke iya gani da idonsa. Na yi masa alkawarin kafin hutu zan nuna musu tasu, don kada su je CE2, aji huɗu, su ga baƙon abu.

Tiren ya taimake ni a wani wurin da ban zata ba, wato sunayen lambobi. Da Faransanci 97 ana kiransa huɗu-ashirin-goma-bakwai, kuma na sha ganin yaro ya rubuta 8017, ko ma 420107, abin da kunnensa ya ji ke nan. A tire kuwa dami 9 ne da tsinke 7, babu gardama. Kakata ba ta cewa casa'in, "gomiya tara" take cewa, kuma da na faɗa wa yara haka sai na ga da yawansu sun taɓa ji a bakin tsofaffin gidansu. Gomiya tara da bakwai, ga shi kwance a tire yadda aka faɗe shi. Nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Ajina ba na harshe biyu ba ne a takarda, amma lokacin tire da Hausa muke magana, sai mun koma ardwazi in sa musu sunan Faransancin a kan abin da suka riga suka gane.

Aibin tiren biyu ne. Robar da kafintan ya zuba a akwatin irin ta kanti ce, sirara, tun cikin hunturu ta fara tsinkewa, da zafi ya shigo kuwa sai ta narke ta manne a jikin tsinke. Wani mai faci a bakin makarantarmu ya ba ni tsohon tub na babur, muka yanka shi zobe-zobe da almakashi, kuma waɗannan har yau suna nan. Na biyu, gidan hagu. Dami goma in aka haɗa su, yara suka sa masa suna "kai", kamar kan itace, kuma yana da kyau kowane yaro ya ɗaure kai guda da hannunsa ya ji nauyin ɗari. Amma kowane tire tsinke 150 ne rabonsa, ba za ka ɗora 342 da su ba. Da muka shiga manyan lambobi sai na koma ga murafan kwalba: jan murfi guda ya tsaya a madadin kai guda. Na ji tsoron za su ruɗe, amma ko kaɗan. Yaron da ya san takarda guda ta jika ta fi tarin ƴan dala-dala bai sha wahalar yarda da jan murfi ba.

Wannan ya kawo ni kan kuɗin katakon, abu na biyu da ya fi yi mini aiki, ko da yake sai da na ƙarasa shi da hannuna. Falle-falle ne zagayayyu, ya rubuta musu 5, 10, 25, 50 da 100 da baƙin fenti, kamar tsabar sefa. Matsalar da kowane malamin Nijar ya sani ita ce, yaranmu ba da wannan lambar suke ƙirga kuɗi ba. Da dala suke yi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Abin da littafi ke kira 100, a kasuwa dala ashirin ne. Abin da littafi ke kira 500, dala ɗari ne. Yarinyar nan mai gyaɗa na ce mata, wani ya sayi ta dala 13, ya ba ki dala 20, nawa za ki mayar masa? Ban rufe baki ba ta ce, "Dala bakwai, Madam." Na juya na rubuta 100 a ɗebe 65 a allo, ta tsaya tana kallo kamar ba ta taɓa jin labarinsa ba, alhali ita ce ta ba da amsarsa yanzun nan. Abin ya tsaya mini a rai. Da dare na zube kuɗin katakon kan tabarma, ni da babbar ƴata, muka bi bayan kowanne muka rubuta sunansa na kasuwa: bayan 5 muka sa 1, bayan 10 muka sa 2, bayan 25 muka sa 5, bayan 50 muka sa 10, bayan 100 muka sa 20. Washegari na ce wa yarinyar nan mai gyaɗa ta haɗa mini dala 13. Ta ɗauko mai 10 da mai 2 da mai 1. Na ce kife su. Ta kife, ga 50, ga 10, ga 5. Ta tara da kanta ta ce 65, sannan ta haɗa dala 7 ta kife ta ga 35, ta yi wata ƴar dariya ta rufe baki da gefen hijabinta. Jadawalin sau 5 da nakan yi wata guda ina fama da shi, bana cikin mako ɗaya ya zauna, domin ashe sun daɗe da shi a aljihu. Da na koma na nuna wa kafintan, ya jujjuya guda a hannunsa ya ce, "Madam, ai da kin faɗa tun farko." Yanzu fuska biyu yake rubuta musu.

Sandunan masu launi su ne suka ɓata mini rai. Asalinsu na wani malamin firamare ne ɗan Beljiyam, Georges Cuisenaire, wanda ya fitar da littafinsa a kansu a 1952: sanduna goma, daga mai santimita 1 har mai santimita 10, kowane tsawo da launinsa. Amfaninsu duka ya rataya kan abu ɗaya, wato awo ya zama daidai, ta yadda in ka jera mai 3 da mai 7 za su yi kai ɗaya da mai 10. Na kafintan ba su yi ba. Zarto yana cin katako a kowane yanka, shi kuma bai lissafa da wannan ba. Ranar farko da na fito da su, wata yarinya ta jera mai 5 guda biyu gefen mai 10, ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, biyar da biyar ba su kai goma ba, ga shi." Kuma gaskiyarta, akwai giɓi kamar kaurin ƙwayar gero biyu. Ni ce na ce musu su yarda da abin da idonsu ya gani, ga kuma abin da ya gani. Nan take na tattara su.

Na mayar masa ranar Asabar. Da farko ya ce, "Haba Madam, wannan ɗan abin? A ƙyaure ma ana samun fiye da haka, kuma yana rufuwa." Na ce, "Baba, ƙyaure ba ya koya wa yaro ƙarya." Na jera masa su kan bencinsa yadda yarinyar ta yi. Ya yi shiru, ya ɗauko tabaransa ya duba, sannan ya ce in bar su. Ya sake su duka bai karɓi ko dala ba, kuma wannan karon ya kafa ɗan katako a matsayin tokari don kowane yanka ya fito daidai da ɗan'uwansa. Shi ne ma ya ba da shawarar a ninka girman, ƙaramin ya zama santimita 2, babban 20, saboda sun fi daɗin yanka kuma yaro ba ya haɗiye su. Shawara ce mai kyau, illa dai yanzu ba sa aikin awon santimita. Fentin farko na mai ne, yana wari, yana kama hannu in an yi gumi, kuma ƙananan yara komai baki suke kai shi. Tun da wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, na ce ya yi na ruwa. Duk da gyaran, saiti 2 ba sa isar yara 76, sai dai in nuna a gaban aji ko in zauna da su da ƴan ƙalilan da suka yi baya. Kuma farin katako ne, dogayen guda uku sun lanƙwashe da iskar hunturu.

Sikelin kada kowa ya biya kuɗinsa. Ƙusa ce ta riƙe sandar a tsakiya, gwangwani biyu na reto, ko babu komai a ciki gefe guda ya fi sauka, iska kaɗan ta kaɗa shi. Darasin awo da kayan gida na yi shi: tiya da na aro wajen maƙwabciyata, gorar lita ɗaya da rabi, ledar ruwa ta rabin lita, da jarka. Da rairayi muka auna, domin a garin nan ba a wasa da ruwa, yaran da suka kwana layin famfo ba zan sa su zubar da shi a ƙasa don darasi ba. Da na tambayi tiya nawa ke cikin buhun gero mai kilo 100, ƴaƴan ƴan kasuwa suka amsa 40 tare, daga nan muka gano nauyin tiya guda, kilo biyu da rabi.

Allon ƙusoshin da faifan sun fi ƙarfin ajina, don haka aro suke fita. Mushen CM1, aji biyar, ya ce da allon ne yaransa suka rabe tsakanin kewaye da faɗin fili: roba ta zagaye fili mai 2 da 2, wata ta zagaye mai 3 da 1, katangarsu ɗaya, 8, amma na farko ɗaki 4 ne a ciki, na biyu 3. Kawunan ƙusoshin dai suna da kaifi, sai da muka bi su da guduma. Faifan kuwa an yanka su rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da tumuni, kuma mushen CM2, aji shida, da rabon gado ya shigar da su, tun da yaran da ke zuwa makarantar allo da Islamiyya sun san sunayen. Matar mamaci tana da rubu'i in babu ɗa, tumuni in akwai. Masu cewa ɗaya bisa 8 ya fi ɗaya bisa 4 saboda 8 ta fi 4, da suka ɗora wannan yanki kan wancan gardama ta ƙare.

Kada wanda ya saya ya zaci aji zai zauna lafiya daga ranar farko. Mako biyun farko hayaniya ce, har diraktanmu ya leƙo sau biyu ya ga ko lafiya. Rabon tire da tattara shi kaɗai yana cin minti 10. Sai da na kasa su rukuni 10, kowane rukuni da mai tirensa, shi ke ɗaukowa, shi ke mayarwa, kuma ba a karɓa sai an ga dami 15 cif. Wannan ƙirgar ta ƙarshe ita ma darasi ce. Yanzu minti 3 ya ishe mu. Abin da ya fi damuna shi ne, a rukunin mutum bakwai ko takwas hannu biyu ne ke kan tire, kuma in ka ƙyale su kullum hannun yaran nan maza masu baki ne. Ƴan mata masu kunya sai su koma ƴan kallo, wato an koma gidan jiya. Dole na raba aiki ina juya shi kowace tambaya: wannan ya ɗora, wannan ta yi canji, wannan ya rubuta a ardwazi, wannan ta faɗa da baki abin da aka yi. Tsinke kuwa suna ɓacewa, wajen 200 sun tafi a wata bakwai, muna cikewa da tsinken tsintsiyar kaba.

Sannan akwai ranar da dole a janye tiren. Wasu yaran sun so su maƙale masa, ko 12 a ɗebe 3 sai sun nemi tsinke, alhali ranar jarrabawa babu tire. Daga Fabrairu na fara sa su zana: doguwar sanda dami ce, ɗigo tsinke ne, in za a yi canji a soke sanda a zuba ɗigo goma. Daga zane muka koma lamba kaɗai. Yanzu tire guda ne ke zama kan taga, wanda ya maƙale ya tashi ya je ya warware ya dawo, ba mai yi masa dariya. Makon jiya na ba da 71 a ɗebe 46, na buga tebur, cikin 73 da suka zo ranar 57 suka ɗaga 25, har da yaron nan na layin baya. Sauran ina sane da su ɗaya bayan ɗaya. Akasarinsu waɗanda suka iso daga CP, aji biyu, ne ba su iya ƙirga 20 ba, da waɗanda ba na gani ranar Alhamis saboda babbar kasuwa. Akwati bai yi musu maganin wannan ba, su nake zama da su bayan an tashi.

Ga wanda zai je wajen kafintan, shawarata kada ya ce a ba shi akwati dungum. Ya ce tire yake so da tsinke da kuɗin katako mai fuska biyu, in ajinsa babba ne ya ƙara faifai da allon ƙusoshi. Kuɗin sikeli da na sanduna a mai da su ƙarin tire, domin rukunin mutum huɗu ya fi na takwas nesa ba kusa ba. In kuwa sai da sandunan, a nemi jan katako da fentin ruwa, kuma a jera su nan gabansa kafin a biya: 5 da 5, 3 da 7, ƙanana goma gefen babba. A tanadi tsohon tub tun daga gida. Akwatin kansa mai ƙwari ne, amma a ɗora shi kan bulo, domin gara ta fara lasar ƙasan nawa tun watan farko.

Ni dai na riga na koma na ba shi kafin alƙalami, jika 5, na tire 10 da tsinkensu, don Madam ta CP, saboda yaran da za su zo hannuna baɗi su iso sun san dami. Ya ce in leƙo farkon Agusta, kafin masu benci su taso shi gaba.